Karsanar Rabi'atu

A cikin shekarun da Dutse ta fara zama babban birnin jiha, Malam Bubayero yana zaune da garkensa a wata ruga kusa da Buji. 'Ya'yansa biyar, amma kowa ya san Kubura ce 'yar lelensa. Shi ya kai ta makaranta duk da surutun dangi, har ta zama malamar firamare, ta yi aure a Dutse. In ana hirar iyayen da ke wofintar da 'ya'ya mata, yakan girgiza kai ya ce shi dai Allah ya tsare shi.

Wata Talata aka aiko cewa Kubura ta sauka lafiya. Washegari ya ɗauki man shanu a ƙwarya da gero a buhu, ya shiga mota zuwa Dutse. Ya tarar da ita zaune a kan tabarma da jaririya a cinya. Manyan 'ya'yanta biyu, Zaituna da Mashkura, suka ruga suka rungume ƙafafunsa.

"Barka da arziki, Kubura. Me aka samu?"

"Mace ce, Baffa."

Ya karɓi jaririyar, ya tofa mata addu'a. Sannan ya sassauta murya kamar mai jaje, ya ce, "Ba komai, kin ji? Ki yi haƙuri. Allah zai kawo ƙaninsu a gaba."

Kubura ta sunkuya tana gyara zanin goyo. Can ta ɗago, idonta ya ciko.

"Baffa, ranar da aka haife ni, haka ka ce wa Inna?"

Ya so ya ce a'a, amma ba shi da tabbas. Bai tuna ba. Ya duba gefe, sai ya ga Zaituna tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai, tana kallonsa.

Ko kunun da aka kawo masa bai iya shanyewa ba. Da ya koma gida da yamma, ya samu matarsa Inna Laraba tana wanke ƙore a gindin tsamiya. Ya zauna a kan turmi ya maimaita mata tambayar.

"Ka faɗa mana, Malam," ta ce, ba ta ko daina wankin ba. "Haka ka ce a kan Kubura, haka ka ce a kan ƙannenta mata biyu."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ai ba da mugunta ka faɗa ba. Kowa ma haka yake cewa, har uwata. Na dai ji zafi a lokacin, na haɗiye." Ta kife ƙwarya, ta dube shi. "Tunda ka tambaya, bari in ƙara maka. Jikokinka maza, me kake ba su ranar suna?"

"Karsana."

"Zaituna fa, da Mashkura?"

Ya sunkuyar da kai. Akuya ya ba kowacce. Bai taɓa zama ya yanke shawarar yin hakan ba. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, hannunsa ya bi.

"Ni da nake ganin ba ni da wannan hali," ya ce a hankali.

"Kana son su, wannan ba shakka. Mudun ne dai ba ɗaya ba."

Ranar suna ya isa Dutse da sassafe. Aka raɗa wa yarinya Rabi'atu. Bayan an watse, ya shiga wurin Kubura, ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da bai saba yi ba.

"Na tambayi Innarki," ya ce. "Na faɗa, ranar da aka haife ki. Ban san na faɗa ba, amma na faɗa. Ki yafe mini. Wallahi da za a ce in musanya ki da maza goma, ba zan karɓa ba."

"Haba Baffa, ai uba ba ya roƙon 'yarsa gafara."

"Wannan uban yana roƙo."

Ta rufe fuska da gefen mayafi tana kuka, tana dariya. Ya jawo Zaituna da Mashkura jikinsa, ya gaya musu akwai karsana uku a ruga, kowacce da tata, har da jaririya.

Da Kubura ta yi arba'in, ta kwaso yaran suka zo rugar. Damina ta zauna, ciyawa ta yi shar. Malam Bubayero ya kai su bakin garke ya nuna musu: ja ta Zaituna, fara ta Mashkura, ƙaramar mai roɗi-roɗi kuma ta Rabi'atu, wadda ke barci a bayan uwarta ba ta san an yi mata dukiya ba.

Zaituna ta miƙo hannu. "Ba ni igiyar, ni zan kai tawa rafi."

"A'a, amaryata, bari a kira wani nami..."

Ya tsaya a tsakiyar kalmar. Kubura ta kalli Inna Laraba, Inna ta kau da kai tana danne dariya.

"Kun ji ni ko?" ya ce yana sosa ƙeya. "Bakin nan ya riga ya saba. In na sake, ku tsayar da ni."

Ya durƙusa, ya nuna wa Zaituna yadda za ta riƙe igiyar ba tare da ta naɗe ta a hannu ba. Karsanar ta fizga, ta ja yarinyar har ta faɗi a ciyawa. Ta miƙe da sauri, gwiwa duk laka, igiyar tana hannunta har yanzu.

"Kar ka karɓa!" ta ce.

"Ban karɓa ba."

Suka gangara rafi, ita a gaba tana yi wa karsanar faɗa, shi a baya da sandarsa a kafaɗa, Mashkura tana riƙe da gefen rigarsa tana tambaya ko fararen shanu sun fi jajaye ba da nono.