Tsoho Mai Ran Ƙarfe

Tun ranar da aka kawo Nazeer aji biyar Malam Ilyasu yake jiran ya ji jimla guda ta Hausa daga bakinsa. Ranar da jimlar ta fito kuwa, tambayarsa yaron ya yi yaushe zai mutu.

Hantsin wata Talata ne, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a saman allo. Makarantar ta 'ya'yan manya ce a Maitama, irin waɗanda suka tsiro tare da sababbin gidaje bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da duk inda mutum ya ɗaga kai a Abuja gini ne ke hawa. Darasin Hausa an saka shi ne don hukuma ta ce dole a koyar da harshen gida, aka cusa shi tsakanin wasan ninkaya da cin abinci. Yara su shigo da jiƙaƙƙen gashi, su fita da yunwa. Malam Ilyasu ya daɗe da gane matsayinsa: shi ne ɗan hutun da ke tsakanin abubuwa biyu masu muhimmanci.

Yana da wata 'yar ɗabi'a da ta taimaka masa ya daɗe a aikin. Idan yaro ya ishe shi, sai ya yi murmushi, ya faɗi abin da ke ransa ƙasa-ƙasa da Hausa. A ajin Hausa na wannan makaranta babu maɓoyar da ta kai Hausa tsaro.

A ranar, Nazeer ya kifa kai a tebur, kamar yadda ya saba tun da aka dawo daga dogon hutu. Malam Ilyasu ya ƙwanƙwasa teburin da alli, da murmushinsa na aiki.

"Tashi mana, raggon banza. Kai ko fura aka dama maka sai an haɗiye maka."

Yaron ya ɗago kai, ko idonsa bai gama buɗewa ba.

"Kai tsoho mai ran ƙarfe," in ji shi, "yaushe za ka mutu mu sha gumba?"

Babu gargada, babu in-ina. Kowace kalma ta sauka inda ya kamata, da karin harshen ƙauye wanda Malam Ilyasu bai ƙara jin irinsa ba tun da ya baro gida. Yaran ajin ba su fahimci komai ba, wasu dai suka yi dariya don sun ji sautin ya yi daɗi. Sai dai a bakin taga Mista Albert ne a tsaye, mataimakin shugabar makaranta mai kula da tarbiyya, wanda ya yi bautar ƙasa a Arewa ya dawo da Hausa daidai ta cefane da ta rigima.

"Malam," ya ce yana shigowa, "wannan yaro ta ce za ka mutu. Ni na ji da kunne."

Kafin Malam Ilyasu ya sami abin cewa, an riƙe hannun Nazeer an fita da shi.

Mutuwar da aka ambata masa ba ta dame shi ba, wannan kowa yana da ita a ajiye. Kalmar tsoho ce ta tsaya masa a rai, shi da bai cika hamsin ba, kuma duk Juma'a yake bin gemunsa da baƙin rini. Da zafin ya ɗan lafa, sai mamaki ya maye gurbinsa. Ya san wannan magana. Shi da kansa ya sha faɗa wa kakarsa, tana jifansa da mafici. Wasan jika da kaka ne, tsohon abu. To ina yaron da ko "ina kwana" sai ya leƙa allo ya samo shi?

A ofis, shugabar makaranta, Madam Elizabeth, ta cire tabarau ta ajiye. Mace ce mai natsuwa, ba ta jin Hausa, ba ta kuma yin kamar tana ji.

"Fassara mini, Malam Ilyasu. Kalma bayan kalma."

Ya fassara. Yana faɗa yana jin yadda maganar take sauya kama a bakinsa. Abin da a Hausa ake faɗa ana dariya, da ya shiga Turanci sai ya koma kamar saƙon 'yan fashi.

"Gumbar nan kuma mece ce?"

"Wani abinci ne na gero da ake rabawa idan an yi mutuwa."

"Wato har abin da za a ci ya tanada."

"Wasa ne, Madam. A wurinmu jika yakan faɗa wa kakansa haka."

"Kai kakansa ne?"

"A'a."

"To." Ta mayar da tabaran. "Ka san doka, iyaye kuma sun sa hannu a kanta. Ɗalibin da ya zagi malami ko ya yi masa barazana, kora ce, babu gargaɗi. Ka yi masa wani abu kafin nan?"

Malam Ilyasu ya dubi hoton zakarun ninkaya da ke bango. Dokar nan tana da ɗaya fuskar, ya kuma san ta: a zangon da ya wuce aka sallami malamin lissafi don ya kira wata yarinya akuya.

"Darasi muke yi," ya ce. Ba ƙarya ba ce, ba dai dukkan gaskiyar ba ce.

Aka tura Nazeer gida, aka sa ranar Alhamis don zama da mahaifinsa.

Da yamma, a cikin bas ɗin Mararaba, an matse shi tsakanin buhun doya da wani mai barci, yana ta juya jimlar a ransa kamar wanda ya tsinci tsohon kwabo a tsakar banki. Ba Hausar direbobi ba ce, ba ta masu gadi ba, tasu ta fi wannan zafi kuma ta fi ta gajarta. Wannan sai an zauna da tsoho, an daɗe.

Washegari da aka tashi, ya nemi Habibu, direban gidansu Nazeer, wanda ya zo ɗaukar ƙanwar yaron. Ya same shi yana goge gilashin mota. Bayan gaisuwa ya maimaita masa maganar.

Habibu ya daina gogewa, ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Ai wannan aikin Baba Tsoho ne, Allah ya jiƙansa. Mahaifin oga. An kawo shi asibiti daga ƙauye, ya yi watanni a gidan."

"Shi ya koya masa Hausa?"

"Wace Hausa, Malam? Tsoho ba ya jin Turanci, yaro ba ya jin Hausa, sai suka haɗu a zagi. Da an dawo daga makaranta yaron yana gindin mangwaro a kan tabarmar tsohon. Wannan ya ce kunnuwanka, wancan ya ce bakinka. Mu muna gareji muna shan dariya."

"Yaushe ya rasu?"

"Cikin dogon hutu. A ranar muka wuce da gawa gida. Hajiya, matar oga, ta ce hanya ba kyau, yara su zauna. Da Nazeer ya dawo daga lesin har an naɗe tabarmar."

Malam Ilyasu ya sake tambaya: "Da wane suna tsohon yake kiransa?"

"Raggo. Raggon banza. Da ya hango shi a ƙofa zai fara."

Ya yi wa Habibu godiya ya wuce. Amsar da ya kwana yana nema ta samu, sai dai da ya san za ta zo da nauyi haka, da wataƙila ya bar ta inda take.

Ranar Alhamis mahaifin Nazeer, Alhaji Abdulmajeed, ya iso da farar shadda da wayoyi biyu, ya jera su a teburin Madam. Darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, mutumin da ya saba a miƙe masa idan ya shigo. Nazeer yana gefe a kan kujerar da ta fi shi tsawo, yana kallon takalmansa. Mista Albert ya tsaya a bakin ƙofa.

Da Turanci Alhaji ya fara. Ya ce a gidansa ba a irin wannan magana, hasali ma ba a yi wa yara Hausa don kada ta rikita musu karatu. Idan ɗansa ya koyi zagi, to a nan ya koya, kuma yana son a nuna masa wanda ya koya masa. Sai ya juyo wajen Malam Ilyasu.

"Me ma ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Malam Ilyasu ya faɗa, da Hausa, yadda ta fito.

Ɗaya daga cikin wayoyin ta fara rawa a kan tebur, ta yi ta yi har ta gaji, Alhaji bai duba ta ba.

Madam Elizabeth ta ce ta yi baƙin ciki, amma doka ba ta bar mata zaɓi ba. Ta tambaya ko akwai mai abin ƙarawa kafin ta rufe zama.

Malam Ilyasu ya tuna layin masu neman aiki da yake wucewa kullum a bakin sakatariya. Ya tuna cewa malamin Hausa ba likita ba ne, ba a yi masa layi. Sannan ya ji muryarsa tana cewa, "Madam, ni na fara."

"Ka fara me?"

"Na kira shi raggo. Kalmar da kakansa yake buɗe wasan da ita ke nan, ni ban sani ba. Na buɗe, shi kuma ya amsa. A wasan, idan tsoho ya fara, rashin kirki ne jika ya yi shiru."

"Wato kai ma ka zagi ɗalibi."

"Na zage shi."

"Kuma kana so in yarda cewa zagi da zagi idan suka haɗu sai su zama ladabi."

Ya ga bayani ba zai kai shi ko'ina ba, ya riga ya gwada. Sai ya juya kujerarsa ta fuskanci yaron, ya ɓata fuska yadda ya ga tsofaffin garinsu suna yi.

"Kai raggo, ka ga abin da ka jawo mini ko? Dube shi, kunnuwa kamar faifai."

Mista Albert ya yi gyaran murya. Nazeer ya dubi mahaifinsa, ya dubi Madam, sannan ya dubi Malam Ilyasu.

"Kai ma dubi bakinka," ya ce a hankali. "Ba haƙori ko ɗaya."

Malam Ilyasu yana da haƙoransa kusan duka, amma ya ga ba lokacin gyara ba ne.

"Ni da na fi ubanka ƙarfi?"

"Ƙarya kake, tsoho. Ko sanda ba ka iya..."

Bai ƙarasa ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza, hawaye yana ɗiga a kan wandon makaranta ba tare da wani sauti ba.

Alhaji Abdulmajeed ya miƙe ya je bakin taga, ya ba su baya. Da ya yi magana, da Hausa ya yi, kuma ba a san da wa yake ba.

"Haka suke yi. Ina jiyo su idan na dawo daga ofis. Ban taɓa tsayawa na saurara ba."

Madam Elizabeth ba ta nemi a fassara mata wannan ba. Ta tura kwalin tishu gaban yaron, ta daɗe tana juya biro a hannu.

"Kakata ma tana da baki," ta ce daga bisani. "Amma ba a makaranta take aiki ba."

Hukuncin da ta yanke gajere ne. Nazeer zai dawo aji ranar Litinin. Malam Ilyasu zai zauna a gida mako biyu, da gargaɗi na ƙarshe. Kuma daga yau, kada ɗayansu ya sake furta irin wannan magana a cikin harabar makaranta, da wasa ko da gaske. Ta ce ba za ta iya tsayawa gaban iyaye ta ce musu zagi iri biyu ne ba, ko da kuwa yanzu ta fara zargin haka ne.

Da ya dawo aiki, ya tarar da Nazeer zaune a miƙe, ba kifa kai. Yaron ya tashi ya ce, "Ina kwana, Malam," daidai yadda yake a rubuce a allo. Malam Ilyasu ya ce, "Lafiya lau." Suka yi darasin sunayen launuka. Aji ya yi tsit yadda doka take so, shi ma ya riƙe bakinsa har aka buga ƙararrawa, abin da ya fi zaman gida wuya.

Da aka tashi yana tsaye a bakin titi yana jiran bas, sai motar gidansu Nazeer ta fito daga get. Habibu ya rage gudu, ya tsaya ɗan gaba kaɗan, kamar mai duba taya. Gilashin baya ya sauka. Yaron ya zuba masa ido yana jira, don ba jika ke farawa ba.

Malam Ilyasu ya waiwaya. Mista Albert yana bakin get yana sallamar motoci. Ya bi katangar makarantar da kallo har inda ta ƙare, daidai wata kwalbati. Motar tana gaba da kwalbatin.

Ya gyara jakarsa a kafaɗa, ya taka ya tsallake, sannan ya ɓata fuska.