Tagar Ɗakin Yara

Mai Inji yana cikin goge janareton da ba a kunna ba tun farkon wata, matarsa ta kira shi a waya.

"Malam, Auta ce. Numfashin ya sake sarƙewa. Ga mu a ƙofar asibitinku."

Mai Inji ya yar da tsumman. Tun kafin a haifi Auta yake kula da janareton wannan asibiti, har aka jera farantan sola a kan rufi. Manaja ya ce za a duba lamarinsa in an ga yadda solar ta yi da damina. Tun ranar kullum sai ya ɗaga kai yana neman hadari, ko wuta za ta ɗauke a tuna da shi.

Ya tarar an kwantar da ita a ɗakin yara, an sa mata robar iska a hanci, na'urar iskar tana huci a gefen gado. Ƙirjinta na hawa da sauka kamar na ɗan tsako.

"Baba, kana warin mai," in ji ta.

"Turarena ke nan, uwata. Yi shiru ki huta."

Da la'asar gari ya yi baƙi, ruwa ya kece. Ya dubi ƙwan fitila, ya dubi na'urar. In batiran solar suka gaza fa? Ya zaro makullin janareto ya nufi ƙofa.

"Ina zuwa, Baba Mai Inji?" in ji nas ɗin ɗakin.

"Zan tayar da shi, ya zauna cikin shiri."

"Don Allah bar shi. Batir a cike yake." Ta nuna tagar da ke kan gadon Auta. "Bututun hayaƙinsa nan yake kallo. Da, in ka kunna, sai mun rufe tagar nan mun cusa tawul, yaran su yi ta tari. Yanzu ne muke buɗe ta."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Mu ce me? Wuta muke so."

Ya leƙa. Ga rumfar janareton nan dab da bango, bangon ya yi baƙi ƙirin har ƙasan tagar.

Matarsa ta matsa masa a kan benci. Ya zauna.

"Gobe me za ka ce wa manaja?" ta tambaya a hankali.

"Zan ce masa solar tana aiki."