Yadda Aka Shanya Ni a Kicin

Shekara biyu da wata biyar na yi a wani gidan tsofaffi da ke garin Horsham, alhali shekaruna arba'in da tara kacal. Tun da na faɗo daga saman rumbun alkama ƙafafuna suka daina jin magana, hukumar tallafa wa masu nakasa ta amince za ta riƙa biya mini hayar gidan da keken guragu zai iya shiga ya fita. Takarda ta fito, gidan ne babu. Sai aka ajiye ni cikin tsofaffi, wai na ɗan lokaci. Wanda ya fi kusa da ni a shekaru ya girme ni da talatin da ɗaya, kuma kullum sai ya tambaye ni ko gyaran talabijin na zo.

Wata Talata da safe wata gajeriyar mata ta shigo ɗakina, awon tela na ƙarfe rataye a ƙugunta.

"Kai ne Des Kowalczyk?"

"Ya danganta da abin da ya yi."

Ta ce sunanta Rhonda Pappas, sabuwar jami'a ce, aikinta duba gidajen da 'yan kasuwa ke gina wa masu nakasa irina kafin a ba su takardar amincewa. Da, in ji ta, hotuna kawai magina ke aikowa a buga musu hatimi.

"Na gaji da hotuna. Mutum nake so da kekensa. Za ka raka ni?"

Ranar wasan tsofaffi na jifa da balan-balan ce. Kafin ta rufe baki na kai bakin ƙofa.

Tafiyar kilomita arba'in muka yi. Gidaje ashirin da huɗu ne reras a tsakiyar makiyayar tumaki, iri ɗaya sak, babu kanti, babu tashar bas, babu ko bishiyar da kare zai ɗaga wa ƙafa. Mai gidajen, Brett Tulloch, yana jiranmu a jikin a-kori-kurarsa, haƙora a waje. A da, wuraren wanka na tsakar gida yake sayarwa, sai ya ji a wani taro a otal cewa hukuma na biyan haya mai tsoka a kan gidajen masu nakasa. Washegari ya sayi filin da ya fi kowane araha.

"Des, abokina! Barka da zuwa gida!" Ya durƙusa yana yi mini magana da ƙarfi.

"Ƙafa ce ta lalace, Brett, kunnen lafiya lau."

Gangaren da aka yi wa keke a gida mai lamba bakwai ya fi kama da tsani. Su biyu suka turo ni, Rhonda na haki, Brett na cewa ai motsa jiki ne kyauta. A sama muka tarar da ƙofa ba mariƙi.

"Da murya take aiki," in ji Brett. "Ka ce mata buɗe."

Na ce buɗe. Shiru. Na sake cewa buɗe, har da don Allah. Shi ma ya gwada da murya mai kauri. Can wata tunkiya ta yi kuka daga bayan shinge, sai ƙofa ta wangale.

"Ana kan saita ta," in ji Brett.

Muka shiga. Kafet ɗin falo cike da kashin tumaki, labule an cinye shi har rabi.

"Ashe an riga ni kama hayar," na ce.

Rhonda ba ta yi dariya ba, rubutu kawai take yi, amma na ga kafaɗunta na rawa. Ta ja awonta a ƙofar banɗaki. Banɗakin kansa mai faɗi ne, za a iya yin biki a ciki, sai dai ƙofar ta fi kekena ƙanƙanta da faɗin tafin hannu.

"Ka gwada shiga ta gefe mana," in ji Brett.

"Keke ne, ɗan'uwa, ba ƙaguwa ba."

Da ya ga abin na neman lalacewa, sai ya ce mu zo mu ga abin alfaharinsa. Layin ƙarfe ne a jikin silin, da wani majanyi mai ƙugiya wanda ke ɗaga mutum daga gado ya kai shi wanka. Ni na san irinsa, da shi ake ɗaga ni kullum. Rhonda ta ce ba dole ba ne in hau. Na ce na zo nan ne don aiki.

Suka ɗaure ni, Brett ya danna rimot. Na tashi sama lafiya. Daga nan abin ya ɗauke ni a guje, muka wuce banɗaki ba ko sallama, muka ratsa falo, muka yi kwana, sai ƙi-ƙi-ƙi ya tsaya cak a kicin, daidai saman wurin wanke kwanuka. Ina lilo kamar wandon da aka shanya.

"Me ya kawo layin kicin?" Rhonda ta tambaya.

"Ƙarfen ne ya yi saura, na ga asara ce a yar."

Ya danna rimot, ya girgiza shi, ya buga shi a cinya. Batir ya mutu. Ya ce akwai sabo a mota, bari ya ɗauko.

"Tsaya," in ji Rhonda. Ta turo kekena gabansa. "Ga kujera ba kowa. Zauna ka je ka ɗauko a kanta, tunda ka sa hannu cewa mai keke zai iya zama a nan shi kaɗai."

Ya kalle ta, ya kalli takardar hannunta, ya zauna. Ƙofa ta ƙi buɗe masa. Ya yi buɗe ya fi sau goma. A ƙarshe, babban mutum mai 'ya'ya uku ya rufe ido ya yi kukan tunkiya, ƙofa ta buɗe.

Daga inda nake rataye tagar kicin na nuna mini komai. Ya sa tayoyin gaba a kan gangaren, keken ya ƙwace. Bai tsaya a motar ba. Ya wuce ta yana ihu, tumaki na watsewa, har sai da kwamin ruwansu ya tare shi, ya tuntsura ciki da ka.

"Kekena!" na yi ihu. "A duba mini kekena!"

Batirin da ke motar ma ba irin na rimot ɗin ba ne. Sai da aka kira 'yan kwana-kwana, suka ce minti arba'in. Rhonda ta hau kan teburin kicin ta zauna don mu yi daidai, ta raba burodinta mai cuku biyu ta miƙo mini rabi.

"Des, da za a tambaye ka, a ina kake son zama?"

Tun da aka kai ni gidan tsofaffi ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce kusa da ƙanwata Bev, inda zan iya gangarawa wajen mahauci da kaina, in kuma ji ihun 'yan kallo daga filin ƙwallo ranar Asabar. Ta rubuta shi duka, har da mahaucin.

Gidajen Brett ba su sami takarda ba, ko ɗaya. Rhonda ta zaga yankin ta yi wa mutum sittin da wani abu irin tambayar da ta yi mini, hukuma ta fitar da jerin unguwannin da ake buƙatar gidaje, aka kuma ce ba a ƙara amincewa da gida sai mai keke ya shiga ya fita da kansa. Wata ƙungiyar magina ta gari ta ɗauki jerin ta yi gida shida a bayan filin ƙwallo.

Bayan wata goma sha ɗaya na tare a na uku. Ranar farko na soya tsiran alade shida da ƙarfe uku na rana, na ƙona huɗu, ƙararrawar hayaƙi ta tara mini maƙwabta. Bev ta shigo a guje da bokiti, ta same ni ina cin na biyar.