Farar Ƙasa a Goshin Alidu

"Ni ba na taɓa shi," in ji Malam Shamsudeen mai wankan gawa, ya janye ƙafarsa daga bakin ƙofa. "Mutumin da duk Ghana an gan shi yana yanka ma gunki kaza?"

"Fim ne fa, Malam!" Damata ta ce. "Kazar ma ni nike soya mashi bayan sun gama."

Ko waiwaye bai yi ba, ya tsallake kwata ya bi lungu abinsa.

Gawar Alidu na kwance a kan tabarma. A wurin ɗaukar fim ya yanke jiki ya faɗi, aka kawo shi gida unguwar Nima da kwalliyar aiki, farar ƙasa dumu-dumu a fuska. Tun yana saurayi boka yake fitowa. Ba a taɓa ba shi sarki ba, ko direban tasi, kullum boka: ya zare ido, ya yi dariyar mugunta, a ƙarshe aradu ta kashe shi. Ya kuwa iya, har ya yi wa kansa illa. In ya shigo masallaci sai sahu ya buɗe gefensa.

Damata ce maƙwabciyarsa, katanga ɗaya ta raba su. Kowace asuba, tana hura wutar wake da shinkafa, tana jin ƙarar butarsa. To amma mace ce, ba ta wanke shi, ba ta tsaya masa salla. Ta bi gida gida neman namijin da zai wanke shi, har mayafinta na faɗuwa. Wannan ya tafi unguwar Tudu, wancan ƙafa ke ciwo. Ƙarya dai, ƙiri-ƙiri!

Abokan aikinsa kam sun zo, cike da mota, cikin baƙi da jan zanen makoki. Kiristoci ne, suka tsaya a waje suna kuka.

Sai da ta aika unguwar Abossey Okai aka kira ƙanenta Mutala makanike.

"Yaya, ban taɓa yi ba."

"Yi yadda ka ga an yi ma Baba. Ka fara da fuska, don Allah."

Ta zauna a bayan labule. Ta ji ruwa na zuba, sai kuma shiru.

"Yaya," Mutala ya ce a hankali, "tabon salla ne a goshin nan. Baƙi ƙirin."

Ta leƙa lungu ko akwai wanda za ta kira ya gani. Babu kowa. Farin ruwan ya biyo ƙarƙashin ƙofa, ya wuce ta gefen butarsa, ya gangara kwata.