Baƙin Bajon da Ya Rage

"Saura ɗaya," in ji Aling Pacing, tana jujjuya ɗan baƙin bajon a tafin hannunta. A garinmu dangin mamaci kaɗai ke maƙala shi a ƙirji, kuma 'ya'yanta duk sun maƙala nasu. Akwatin gawar autarta Jonalyn yana ajiye a rumfar da muka kafa bakin titi.

Rhodora tana zuba wa masu gaisuwa kofi, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ni babur ɗin haya nake ja, ban yi boko ba, amma falanki ne ya raba ɗakina da na Rhodora da Jonalyn. Suna ce wa mutane su abokan zaman haya ne kawai, ni kuwa ba kurma ba ne. Ranar da zazzaɓin dengi ya kayar da Jonalyn ni na kai su asibiti, Rhodora na rungume da kanta tana rera mata waƙa a kunne. Rhodora kaɗai na dawo da ita.

Rhodora ɗalibar malanta ce, tana gwajin koyar da kiɗa a makarantar 'yan mata ta coci. Shugabar, Sista Asuncion, ita za ta ce ta ci ko ta faɗi. Bara ta sallami malamin piyano a kan jita-jita kawai. Ga ta nan ta iso da 'yan mata masu waƙa, don su yi wa gawar addu'a.

Dodong, wani ɗan unguwarmu, ya ɗago daga teburin karta na masu zaman makoki. "Aling Pacing, ba wa surukinki mana! Ko surukarki za mu ce?"

"Dodong," na ce, "ƙara buɗe bakin nan, ka tsinci haƙoranka a kwata."

Amma Sista ta riga ta ji.

"Malama Rhodora, 'yar'uwarki ce marigayiyar?"

"Ɗaki ɗaya muke, Sista."

Aling Pacing ta ɗora bajon a kan gilashin akwatin. "'Yata, ke kika yi jinyarta. Ga shi nan, ban ce dole ba."

Rhodora ta ajiye butar, ta jera yaran layi biyu, ta ɗaga hannu za ta ba su murya. Sai ta sauke shi. Masu karta ma suka tsaya.

Ta taka zuwa akwatin, ta ɗauki bajon, ta maƙala a ƙirjinta. Tsinin ya soke mata yatsa.

"Ranar Litinin ki same ni a ofis," in ji Sista.

"To, Sista."

Ta koma gaban yaran, ta sake ɗaga hannu, suka fara. Daga inda nake tsaye ina hango ɗigon jini a farar rigarta, dab da bajon.