Aron Suna

Washegarin ruwan shuka na hau rumbu, na tarar babu irin gero. Tun kaka na zaɓe masu manyan zangarniya, na ɗaure su da kaba na rataye a can sama. Kabar kawai na samu, an kwance ta a tsanake an ajiye.

Baba yana tsaye a ƙasa da sungumi a kafaɗa. Na nuna masa kabar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wataƙila gara ce. Mu duka mun san gara ba ta kwance ɗauri.

Daga bakin ɗakinta Iya, kakarmu, ta yi magana ba tare da ta ɗago daga ɓarar gyaɗa ba.

"Maigida ya ɗauki kayansa, kun tsaya kuna zare ido. Wa ya gina rumbun?"

A gidanmu ba a sa suna a banza. Baffana Shekarau ne, don ya daɗe a ciki. Gwaggona Ayashe ce, don an binne uku kafin ita. Ni Kamaruddeen liman ya raɗa mini, amma da yake an haife ni ana noman farko, Iya ta ce Nomau. Sunan kuwa ya bi ni: ina aji huɗu aka karɓe allona da littafina aka miƙa mini fartanya. Ban yi gardama ba. Wa zai yi noma in ba Nomau ba?

Ƙanena kuwa an haife shi kwana arba'in da rasuwar kakanmu Malam, wanda ya sari dajin nan ya kafa Tudun Gawo. Sai aka mayar masa da sunan. Tun daga ranar ba a ƙara jin sunan nan a gidanmu ba. Baba ba ya faɗar sunan mahaifinsa, Inna ba ta faɗar na surukinta, Iya ba ta faɗar na mijinta. Ni ma ba zan faɗa a nan ba, bakina bai saba ba. Malam Ƙarami muke ce masa, Iya kuwa ta ce Maigida.

Wanda ba a kiran sunansa, ta yaya za a tsawata masa? Yana ɗan shekara shida ya fasa randar Inna da gangan. Baba ya ɗaga hannu, Iya ta ce, "Sani, ubanka za ka mara?" Hannun ya sauka, bai sake tashi ba. Da ya girma ya fara bin samarin tasha, ya koyi shan maganin tari, ya wuce zuwa ƙwaya. Akuyar Inna ta tafi, buhun taki ya tafi, yau ga iri. Ni na je wajen maƙwabta na roƙo abin da muka shuka.

* * *

Ana tsakiyar noma na biyu na tsinci Malam Ƙarami a gindin ɗorawa da rana tsaka, kwance, kumfa a baki. Na goya shi har asibitin sha-ka-tafi. Malama Sa'adiyya, ma'aikaciyar wurin, ta sa masa ruwa, da ya farfaɗo ta ja ni gefe. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta. In ba a kai shi asibitin masu taɓin hankali da ke bakin birni ba, wata rana za mu tsince shi a gindin bishiya ba zai tashi ba.

Na kawo maganar gida bayan la'asar. Inna ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin mayafi. Baba ya ce to. Iya ce ta ajiye carbi ta tambayi yadda ake yi a can. Na ce ana yankar kati, a rubuta suna, in layi ya zo a kira.

"A kira? Da ƙarfi?"

Na ce haka Malama ta ce.

"A rubuta sunan Malam a littafin mahaukata, wata yarinya ta tsaya tana shelarsa a gaban jama'a? Sai dai bayan raina."

Na dubi Baba. Yana kallon ƙasa, yana zana layi da tsinke. Daga ɗakin baya muna jin tarin Malam Ƙarami. Ni dai ban yi dogon tunani ba. Na ga abin da ya hana shi ne suna, ni kuma ina da shi, ba na komai da shi.

Na ce, "A rubuta nawa."

Iya ta ce in haka ne ba laifi, ai Nomau ba sunan kowa ba ne. Amma ta gindaya sharaɗi: ranar da aka ji a gari cewa mai sunan Malam ne ke zuwa wurin nan, ranar an gama zuwa.

* * *

Mun hau bas daga Makoda da sassafe. A tagar kati na faɗi abin da kowa ya san ni da shi: Nomau Sani, Tudun Gawo. Muka zauna a benci cikin mutane, wasu da mari a ƙafa, wasu suna hira su kaɗai.

Da aka kira sunan, sai da na taɓa shi kafin ya tashi. A ciki ya fara halinsa, ya ture kujera, ya ce ba mai taɓa shi. Wata dattijuwar nas mai tabarau ta buga tebur.

"Kai Nomau! Zauna nan, ko in saɓa maka. Ka ga uwarka a nan?"

Na ɗauka zai zage ta. Sai na ga ya zauna, ya miƙa hannu kamar yaro.

A bas muna dawowa ya jingina da taga, gonaki suna wucewa, gero ya kai gwiwa. Can ya ce, a hankali, tun da aka haife shi ba a taɓa kiran sunansa aka yi masa tsawa ba. Ya ce da daɗi ashe. Na ɗauka wasa yake, sai na ga hawaye.

Wata huɗu muna zuwa. Ya fara cin tuwo, ya yi ƙiba. Ranar yankan gero ya fito da kansa ya karɓi magirbi.

* * *

Akwai yarinyar da nake nema a ƙauyen gaba da mu, Maimunat. An kai gaisuwar iyaye, an ce biki bayan kaka. Ashe ƙanen mahaifiyarta direban bas ne, ya kai wani mara lafiya asibitin nan, ya ji an kira Nomau Sani na Tudun Gawo, ya kuma hango ni na miƙe na shiga.

Mahaifinta, Malam Abdulrashid, ya aika a kira ni. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa, ya tambayi amfanin gona. Mutumin kirki ne, bai iya kewaye-kewaye ba.

"Nomau, magana ɗaya zan tambaye ka, don 'ya zan ba ka. Katin nan naka ne?"

Ta bayan asabari na hango ƙafafun Maimunat, da lalle. Na tuna Iya da sharaɗinta. Na tuna gindin ɗorawa. Magana in ta fita zauren nan, kafin magariba ta isa Tudun Gawo.

Na ce, "Baba, sunana ne a jiki."

Ya jira ko zan ƙara. Ya ce an gaya masa ina da ƙane. Na ce ina da shi, mai sunan Malam ne. Ya daɗe yana shafa gemu. Ban sani ba ko ya gane. Ya ce Allah ya ba mai katin lafiya, na ce amin. Da na sake duban asabarin, ƙafafun ba sa nan.

Bayan sati aka dawo da kayan gaisuwa, goron ma ba a taɓa ba. Iya ta ce dama yarinyar ba ta yi mata ba, ta raba goron ga maƙwabta. Baba ya same ni ina ɗaurin dami, ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya kama ɗaya bakin kabar ya taya ni ja.

* * *

Jiya muka koma asibitin. Benci ya cika, muka matsu a ƙarshe, kafaɗar Malam Ƙarami a jikin tawa. Katin yana hannunsa, ya sa shi a leda don kada ya yi datti. Yanzu shi yake ajiye abinsa.

Nas ta leƙo ta ce, "Nomau Sani."

Na yunƙura, sai na ji hannunsa a gwiwata.

"Yi zamanka, Yaya. Ni ake kira."

Ya shiga, aka rufe ƙofa. Wani tsoho da ke kusa da ni, ya rako ɗansa, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa. Ya ce to, wane ne sunan?

Na buɗe baki, na tsaya ina kallon ƙofar.