Kwalba a Hammata

Kwalbar tana hammatarsa ta dama, ƙarƙashin riga, shi ya sa Tela yake tsaye a bakin titi kamar kazar da aka karya wa fiffike. Likita ce ta ce ya riƙe ta da ɗumin jiki, ya kai ɗakin gwaji kafin ta huce. Gwajin farko ya nuna 'yan aiken garkuwar jiki, sinadaran nan masu kai saƙo idan akwai kumburi, sun yi yawa a maniyyinsa har suna raunana ƙwayoyin haihuwa, don haka ya ɗebo wani a kwalbar za a sake aunawa. A gida kuwa ya ce wa matarsa an ce lafiyarsa ƙalau.

Yana jiran mota sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta ci birki a gabansa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa: surukinsa ne. Tsohon ya miƙo hannu, Tela ya kasa ɗaga nasa, sai ya russuna har gwiwa.

"Ina zuwa, ɗana?"

"Asibiti, Baba."

"Shigo. Dama ina nemanka."

Motar tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa. Gumi ya jiƙa wa Tela riga, ga kwalba tana neman sulɓewa, ya ƙara matse ta.

"Maganar yarinyar nan ce," in ji tsohon, idonsa a kan hanya. "Uwarta ta ce duk ta rame, ko suna aka yi a dangi ba ta iya zuwa. Wallahi da muka ba ka ita ba mu san tana da wannan lalurar ta rashin haihuwa ba. Wani ne da tuni ya dawo mana da ita. Kai ko fuska ba ka taɓa canza mata ba. Na gode."

Kunya ta rufe Tela, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, ai..."

"Kada ka ce komai. Na san halinka."

A ƙofar asibiti ya sauko a karkace, ya rufe ƙofar motar da hannun hagu.

"Wa za ka dubo ne?"

"Wani abokina, Baba."

"Me ke damunsa?"

"Bai gaya wa kowa ba."

Tsohon ya girgiza kai, ya sa giya.

"Allah sarki. Iyalinsa ne abin tausayi."